Sha Ɗaya Sun Rasa Wuri

Daren Talata, bayan an ɗauke wuta,
na gama na ƙarshe, tocila a baki:
ɗan baka, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.
Gashi guda na tsinko a wutsiyar akuyar Tsahara
na ɗiga masa ido.
Ya dube ni. Na ce, to, kai ne cikon ɗari biyu da arba'in.

Shekara huɗu ke nan.
Da rana ina gyaran agogo a bakin babbar kasuwa,
da dare ina narka dalma a murfin gwangwani,
ina zubawa cikin yumɓun da na ɗebo a gulbi
lokacin da ruwa ya janye.
Babban yatsana har yau bai san zafin shayi ba.

Garkuwa daga harshen tsohon takalmi,
mashi daga sifokin keke,
kwari daga bututun biro.
Na yi wa kowane laya, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
don kakata, da take ba ni labarinsu,
ba ta taɓa barin mutum ya fita fage wuya wayam ba.
Shuɗin rigunansu sau uku ina wanke shi;
bai yi kama da baba ba
sai da na sa masa toka kaɗan.

Laraba da hantsi na shimfiɗa fage.
Teburin da Tsahara ke shanya taliya,
na are shi da alkawarin kwana biyu.
Yashi, tsakuwa, tsinken tsintsiya ya zama kurmi,
tsohon ɗankwali ya kwanta a tsakiya ya zama gulbi.
'Yan baka a gefen itace,
masu garkuwa kafaɗa da kafaɗa,
makaɗa a baya, jakunan guzuri a bayansu.
Kafin in kai rabi, ƙasa ta ƙare.

Ashe ban taɓa auna teburin ba.
Mai auna daƙiƙa da tsinke,
ya manta da kamu huɗu na katako!

Na matsa su, mashi ya shiga kunnen maƙwabci.
Na rage gulbi har ya koma kwata.
Na ciro ƙyauren ɗakin girki na ɗora kan turmi biyu,
Tsahara ta tsaya riƙe da ƙugu, ta ce:
yaƙin bai soma ba, har an ci gidana.

Tunau zai zo bayan la'asar daga Tibiri,
rundunarsa cikin kwalin sabulu a bayan babur,
da 'yan lidon nan nasa masu son shida,
shi ma yana da haƙƙin rabin fili.
Na sake jeri. Na sake.
Sha ɗaya suka rage a tafin hannuna,
har da na daren jiya,
fentinsa bai gama bushewa ba.

Na daɗe tsaye.
Wa zan cire? Kowane na san daren da na yi shi:
wannan ranar sunan Ige,
wannan ranar da aka ce idona na hagu ya soma yana,
wancan mai karkataccen wuya
makon da muka binne Nomau.

Ige ce ta karɓe su, ɗaya-ɗaya,
ta jera a bakin taga, suna kallon titi,
inda mai kankana ke tura baro.
Na ce, 'yan baya ne, za a kira su in abu ya ɓaci.
Ta girgiza kai.
Ta ce, Kaka, kada a kira su.
Ai sai an bar masu komawa gida
su ba da labari.

Ga ƙarar babur a ƙofa.
Na hure yashi daga hular na gaba,
na bar taga yadda take.